Kiɗana, Sunan Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata jiki yana ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Ka gaishe mini da Umma, ka ce mata na ji saƙonta, ina cin abinci, ta daina yi mini kallon ɗan yaye daga nesa.

Na kira ka a waya, sai ka miƙa wa Umma ba ka ce uffan ba. Ta ce tun da ciwon shanyewar nan ya taɓa harshenka ba ka son kowa ya ji muryarka, amma hannun hagu yana iya riƙe biro. To shi ke nan, mu koma takarda. Dama ni a gabanka ban cika iya magana ba, ƙila a nan bakina ya buɗe.

Ga labarin Asabar. Na riga kowa isa gidan rediyo. Na shimfiɗa kafet ɗinka, na dasa ƙafar kowane ƙarfe a kan alamar da ka manna da salatif. Babban farantin tagulla a dama, ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyi, babbar ganga a gaban ƙafa, kujera a tsayin da ka bar ta. Kawu, kujerar nan! Kai gajere ne, Allah ya ba ka haƙuri, ni kuwa ba a banza ka laƙaba mini Falwaya ba. In na zauna gwiwoyina har neman gaisawa suke da haɓata. Mai Bas, mai kaɗa babban gita, ya dube ni ya ce kamar an ɗora raƙumi a keken yara.

Da jar fitila ta kama, mai gabatarwa ya matso bakin makirfo ya ce, “Jama'a, ga kiɗan jaz kai tsaye, Mai Fiyano da mutanenta, a kan ganguna kuwa, Agogo da kansa.” Ko kallona bai yi ba. Gabana ya faɗi, don wani abu ne ka yarda da magana a asibiti, wani abu ne kuma ka ji ta tana fita cikin gari. Amma na tuna abin da ka roƙe mu kana kwance: a bar sunanka, kada a gaya wa masu sauraro komai, ni in riƙe maka wuri har ka dawo.

Kuma na riƙe. Hannun dama bai rabu da faranti ba daga farko har ƙarshe, yadda ka koya mini tun ina tsayawa a kan akwati kafin in kai gare shi. Anti Mai Fiyano ta ce da ta rufe ido ta rantse kai ne a bayanta. Wani mutum ma ya bugo waya yana cewa Agogo ba ya tsufa. Yanzu duk sun koma kirana Ƙaramin Agogo. Na taya su dariya, amma a hanyar gida na rasa abin da ya sa raina bai yi fari ba. Ƙila ciwon baya ne.

Ka riƙa sauraro, ka faɗa mini inda na kauce. Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunka.

Ɗanka,
Falwaya

*

Falwaya,

Wa alaikumus salam. Takardunka suna isowa. Jiki alhamdulillahi. Rubutun hagu ne, ka karanta da haƙuri, in na yi layi sai na huta.

Ina sauraro duk Asabar. Na farko-farkon babu laifi. Sai dai kana gaggawa in Mai Ƙaho ya hau sama. Kada ka bi shi. Shi ne zai bi ka. Mai ganga ba ya bin kowa.

Asabar ɗin da ta wuce ka ɗaga kujerata. Kada ka ce a'a. Babbar ganga ta canza murya, ƙafarka daga sama take saukowa, tana cewa dum inda ni nake cewa duf. Wanda ya san ni zai gane. Ka mayar da ita yadda ka same ta. Ban taɓa jin wanda ciwon baya ya kashe ba.

Likita ya ba ni ƙwallon roba ina matsawa. Babban yatsa ya fara motsi. Kafin shekara ta zagayo zan karɓi wurina in Allah ya yarda, kai kuma ka nemi naka.

Uwarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina kuma murna da labarin babban yatsa. Allah ya sa sauran su biyo shi.

Kai, wannan kunne naka! Ɗan abin da na ɗaga kujerar bai kai faɗin tafin hannu ba, na ce ba mai ji. Na mayar, ka yi haƙuri. Mai Bas ya ce in gaya maka in ka warke ka nemi aikin ɗan sanda.

Na san ka ji abin da ya faru Asabar ɗin nan, shi ya sa na ce bari in riga ka. A waƙar nan mai sanyi wadda Anti take buɗewa ita kaɗai, muna tsakiya sai notin da ke riƙe wuyan babban faranti ya saki. Farantin ya sunkuya can gefe, ya juya mini baya. Jar fitila a kunne, ba halin tashi. Hannuna na dama ya tsaya a iska ba abin duka, zufa ta karyo mini, na ce shi ke nan, yau na kashe wa Kawu suna.

Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Mai Bas! Shekara da shekaru ina zama kusa da bawan Allahn nan a wurin gwaji, ashe magana yake yi da igiyoyinsa, ni ina can ina ƙirga. Waƙar ba ta faɗi ba, Kawu, tana hannunsa, yana tafe da ita a hankali. Anti ta buga wani ɗan abu kamar tambaya, ta bar gurbi. Wallahi ban san lokacin da na amsa mata ba. Na ƙwanƙwasa bakin ƙaramar ganga, na yi shiru, na bar shirun ya ɗan daɗe har ya fara ba ni tsoro, sannan na sauke ƙafa a makare kaɗan, da gangan. Ta ɗago ta harare ni ta saman tabarau, ta sake jefo wata tambayar. Na sake amsawa. Haka muka yi ta yi har waƙar ta ƙare, ita ta faɗa in mayar, wani lokaci in ƙi mayarwa in bar ta da Mai Bas.

Aka gama, fitila ta mutu. Mai Ƙaho ya zazzage yawun ƙahonsa ya ce, “Yau kuma wane aljani ne ya hau Ƙaramin Agogo?” Anti kuwa ta rufe fiyano ta ɗauki jakarta.

Na ɗaure notin da filaya, ba zai ƙara saki ba. Na san a wurinka kuskure ne. Amma tun ranar hannuwana ba su zauna ba, a kan tebur, a kan cinya, a mota, har wata mata ta canza kujera. Ban taɓa jin ganga ta yi mini daɗi irin haka ba, kuma ina jin kunyar faɗa maka.

Ina da roƙo. In ka yarda, a waƙa ɗaya tak, wannan mai sanyin, in riƙa barin gurbi kaɗan. Sauran duka naka ne, yadda ka saba ji. In ka ce a'a, na ji.

A gaida Umma. Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Falwaya

*

Falwaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Da faranti ya ɗauke na zaci batir ne. Na yi ta dukan rediyo har uwarka ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Sai na ji fiyano yana tafiya, bas yana tafiya. Ni kaɗai ne babu. An kira sunana a farkon shiri, na nemi kaina na rasa. Ba na yi maka fatan ka san yadda wannan yake.

Noti yana saki. Ni ma ya sha sakar mini. Sai in koma kan farantan ƙafa in ci gaba, ba wanda yake sani. Ka san da haka, ni na koya maka. Saboda haka kada ka ɗora wa noti.

Amsar roƙonka a'a ce. Ba waƙa ɗaya ba, ba rabinta ba. Mutane sun sa mini Agogo don ban taɓa barin rami a kiɗa ba. Abin da kake kira tambaya da amsa, a wurina mutum ne ya bar bakin aikinsa ya shiga hira.

In lokacinka ya zo ka yi abin da ka ga dama da sunanka. Yanzu nawa ne a kanka.

Allah ya shirya.

Kawunka

*

Agogo, sarkin taurin kai,

Sallama da gaisuwa, da fatan ƙanwarka tana samun ladan jinyarka, don na san ba ƙaramin aiki ba ne. Na ji an ce har rediyo kake duka yanzu. To alhamdulillahi, ƙarfi ya fara dawowa.

Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, sai da ta kama. A kan yaron nan ne.

Tun da takardarka ta zo yake buga naka, tsaf, ba ɗigon kuskure. Sai dai kamar injin ɗinki ne a bayana. Ba ya kallon kowa, ba ya dariyar shirmen Mai Ƙaho, in an tashi ya fita a duƙe yana dafe da ƙugu, ɗakin duk warin man zafi. Ni da nake gabansa nake jin abin a ƙeyata.

Ran nan bayan gwaji na manta tabarauna na dawo. Tun daga baranda na ji kiɗa. Ashe in mun watse sai ya tsaya shi da Mai Bas, ya ɗaga kujera, ya buga abin da yake cikinsa. Na tsaya a bayan ƙofa da jaka a hannu har mai ɗaukata ya gaji ya tafi. Agogo, yaron nan yana da abin faɗa. Bai gama iya faɗarsa ba, wani wurin sai ya yi tuntuɓe, amma nasa ne, ban taɓa jin sa a hannun kowa ba.

Kada ka juya mini magana. Tun gashinmu yana baƙi nake kiɗa da kai, ba wanda ya taɓa riƙe ni kamar kai. In kana bayana ko ido rufe zan yi tafiyata. Shi wannan ba riƙe ni yake ba, tsokanata yake. Ranar da notin nan ya saki na buga abin da rabona da shi tun ina budurwa.

Kuma ni na gaji da jin mai gabatarwa yana zuba ƙarya duk Asabar ina zaune ina murmushi. Na ba ka alkawari a asibiti, ba zan karya ba. Kai kaɗai za ka kwance ni. Ka bari in gaya musu gaskiya: Agogo yana jinya, ɗansa ne a kan ganguna. Wa zai raina ka don ka yi ciwo? In ka warke wurinka yana nan, ni da kaina zan janye yaron da kunne.

Ka yi tunani, kada ka amsa mini da zafi. Na san za ka amsa da zafi.

A gaida mai jinya da kyau.

Taki... kai, ka ga har na rikice. Taka,
Mai Fiyano

*

Zuwa ga Malama Mai Fiyano,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa.

Kin ɗauki alkawari kina riƙe da hannuna, wannan da ba ya motsi. Ban kwance ki ba.

Kin ce wurina yana nan. Ni da ke mun san aikin nan. Wurin da aka saba jin wani a kai ba ya komawa. Ranar da aka daina faɗin sunana, ranar ku zo ku yi wa ƙanwata gaisuwa kawai.

Yaron nan ni na raine shi tun da ubansa ya rasu. Ni na sa masa sanda a hannu. Ban taɓa roƙonsa komai ba sai wannan. Ki daina bar masa gurbi a fiyano, na ji ki Asabar ɗin nan, kina jan sa yana ƙi. Kada ki shiga tsakanina da shi.

Ki huta lafiya.

Agogo

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, motar ba ta ba mu wahala ba. Na gode da karɓar da aka yi mini, ko da yake kai ban samu kalma ɗaya daga bakinka ba. Ka nuna mini matashin kai, ka miƙo mini sanduna, na buga maka naka a kai, ka gyaɗa kai, ka juya fuska bango. Nisan nan duka na zo, Kawu.

A kicin Umma ta ba ni labarin da ba ka taɓa rubuto mini ba. Ta ce duk Asabar tun la'asar kake sa ta ɗora ruwan wanka. Ka sa baƙin kwat ɗinka na aiki, ta ɗaura maka maɓalli, ka zauna a bakin gado tsaye cir, ƙafarka mai lafiya tana taka ƙasa daga farkon shiri har ƙarshe. Ta ce ranar ce kaɗai kake cinye abincinka. Ta kama hannuna ta ce, “Don Allah ka yi masa haƙuri, abin da ya rage masa ke nan.” Ta faɗa mini wata magana kuma, wadda ba ni ya kamata in faɗa ba.

Na dawo da niyyar haƙuri, Allah ya sani. Na ce ko shekara nawa ne zan yi.

Sai ga Asabar. Muna tsakiyar waƙa na farga ina tunanin kayan wankin da na bari a igiya, ko za a yi ruwa. Hannuwana suna ta aikinsu, ba su ma neme ni ba. Anti ta jefo tambayarta, na ji ta sarai, amsar tana nan a tafin hannuna tana zafi, na danne na ci gaba da dukan faranti. Ta sake, na sake dannewa. A ta ƙarshe ba ta ɗago kai ba ma. Da muka tashi na shiga banɗaki na yi amai.

Na tsani Asabar, Kawu. Ni da nake kwana da sanduna a ƙarƙashin filo ina yaro, yanzu in na ga jakar farantanka sai in kau da kai. Ranar da ka rubuto cewa “madalla, babu kuskure”, na karanta na zauna a ƙasa, don na san ranar ban buga komai ba.

Na roƙi Anti ta sa a cire sunanka, ta ce ba ta da iko, kai kaɗai ne. Na ce to in bar aikin, ta ce in na bari wani za a kawo, shi kuwa ba zai yarda a kira shi Agogo ba ko na minti ɗaya. Ko ta ina na juya kai nake tararwa.

Saboda haka ina roƙonka karo na ƙarshe, da girman Allah, ka sake ni. Ka ce a faɗi gaskiya. Duk abin da na iya kai ka ba ni, ko wannan sabon ma da hannun da ka gyara nake yin sa. Ba gudunka nake ba.

In ba ka yarda ba, ga abin da zan yi, kuma ina faɗa maka tun yanzu don kada ya zama sata. Asabar mai zuwa zan ɗaga kujera, zan buga nawa daga farko har ƙarshe. In ba za ka iya ji ba, ka sa Umma ta kashe rediyo.

 Ka yafe mini.

Ɗanka,
Falwaya

*

Falwaya,

Wa alaikumus salam.

Ban yarda ba.

In ka yi, ka sa farantaina a jakarsu ka kai wa Mai Fiyano ta ajiye mini. Kada ka ƙara rubuto mini. Kada ka tako gidan nan ina cikinsa. Uwarka in tana son ganinka ta bi ka can.

Ba fushi ne yake magana ba. Na yi kwana ina tunani kafin na rubuta.

Sauran ya rage naka.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka ce kada in ƙara rubutowa. Wannan ɗaya ce, daga ita ba wata. In ka ga dama ka yaga.

Na yi. Ban sani ba ko ka ji, Umma ta ƙi gaya mini, in na tambaya sai ta ce ana kiranta.

Ba zan yi maka ƙarya in ce abin ya yi kyau duka ba. Waƙar farko ta watse. Na bar gurbi inda Mai Ƙaho ya saba dogara da kai, ya taka bai samu ƙasa ba, ya shigo a inda ba nan ba ne, ya juyo ya zage ni da ido. Ni ma na rikice na cika surutu, duk abin da na tara na zube shi lokaci ɗaya kamar mai tsoron za a ƙwace. Ta biyu dama-dama. Na ce a raina, to ga shi nan, ka sayar da Kawu a kan shirme.

Sai mai sanyin nan ta zo. Anti ta buɗe, ta ɗan jima ita kaɗai, ba ta kalle ni ba. Na ajiye sanduna na ɗauki buroshin ganga mai taushin sauti. Ban yi niyyar komai ba, na gaji da niyya. Na saurari Mai Bas kawai, na jira har sai da na ji ba zan iya ƙin magana ba, sannan na yi. Kaɗan na buga, Kawu, kaɗan ƙwarai. Wani wurin numfashi ɗaya muke ja mu huɗu. Da muka kai ƙarshe Mai Ƙaho, wanda ya gama zagina, ya sauke ƙahonsa ya bar mini rufewa, abin da ko kai bai taɓa bar wa ba.

Sannan mai gabatarwa ya ce, “A kan ganguna, Agogo,” sai duk daɗin ya zube. Waya ta yi ta ƙara. Wata ta ce a gaya wa Agogo ya sa ta kuka. Wani kuma ya ce a duba Agogo, da alama ya fara shaye-shaye a tsufansa. Kai da ko sigari ba ka taɓa riƙewa ba! Wannan ni na jawo maka, kuma ba ni da bakin ba ka haƙuri.

Na goge farantanka ɗaya bayan ɗaya, na sa kowanne a rigarsa, na naɗe kafet, na kai wa Anti. Na gaya mata ba zan koma ba. Ba zan iya komawa naka ba, kuma ba zan ƙara buga nawa da sunanka ba. Abokina mai gyaran firji ya ce in zo in riƙa taya shi.

In ka tambaye ni ko na yi nadama, ban yi ba. Amma ban san rashinka zai yi ciwo haka ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya ja kwana. Ko ba ka amsa ba, ni dai ɗanka ne.

Falwaya

*

Agogo,

Sallama. Gaisuwar a gajarce take yau, don raina a ɓace yake da ku duka biyun.

Farantanka suna ƙarƙashin gadona, lafiyarsu ƙalau, ba mai dukansu. Asabar ɗin nan mun yi shiri ba ganga, ka ji da kunnenka. Mai gabatarwa ya ce Agogo ba ya jin daɗi. Karon farko ke nan da ya faɗi gaskiya, shi ma bai sani ba.

Na je na ga yaron a shagon firji, tsugune, hannu duk baƙin mai, ya yanke a yatsa ya ɗaure da tsumma. A yatsa, Agogo! Na ce ya dawo, ya ce sai Kawu ya ce. Na ce Kawu ya yi shiru, ya ce to shi ma ya yi.

Masu gidan rediyo sun kira ni. Sun ce Asabar mai zuwa ko in zo da mai ganga ko su ba wasu lokacin. Akwai yara a gari da za su zo da gudu, ba wanda ya san ka a cikinsu. Ban karya alkawari ba har yau, ka shaida. Amma dole in kai musu suna, kuma ba ni da wanda zan kai.

Ka yi magana. Ko zagi ne ka rubuto, mu san kana nan.

Mai Fiyano

*

Falwaya,

Wa alaikumus salam.

Ban kashe rediyon ba ranar. Na ɗauki biro in rubuta kurakuranka. A waƙar farko na cika takarda. A ta uku na zauna da biro a hannu har aka gama, don ban san inda za ka ba sai ka isa.

Wannan ba kiɗana ba ne. Ko da hannu biyu ba zan yi shi ba, kuma ban ce ya yi mini daɗi ba. Ba na so a ƙara jingina mini shi. Na rubuta wa Mai Fiyano a cire sunana.

Hannun nan ba zai dawo ba. Ku daina rage murya a kicin, na riga ku sani.

Ka wanke hannunka ka koma bakin aikinka. Kada ka zo tukuna, ban huce ba. Ranar Asabar ka tsaya a kan mai gabatarwa ya faɗi sunanka cikakke, da na ubanka, a hankali yadda za a ji. Zan kunna.

Allah ya yi maka albarka.

Kawunka